Kogin ƙanƙara: abin da na gano a ƙasar Ayislan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu. A yi mini haƙuri da tsawon takardar, maganar ce ba ta gutsuruwa.

Na karanta ɗan labarin da kuka buga cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2025 domin kare abin da kuka kira "dusar ƙanƙara", ta kuma tsayar da ranar 21 ga Maris ta kowace shekara domin tunawa da ita. Na ji daɗi da kuka kawo labarin. Amma kalmar ta tsaya mini a rai. A majalisar da muke zama bayan la'asar wani abokina ya karanta, ya ajiye jaridar ya ce, to ina ruwanmu da abin da ke zuba yau gobe ya narke? Da gaskiyarsa in dusar ƙanƙara ake nufi. Ba ita ake nufi ba. Abin da ake magana a kai shi ne wanda Turawa ke kira gilasiya, mutanen Ayislan kuma su ce yokul, wato tulin ƙanƙara mai tauri da ke gangarowa daga tsauni a hankali kamar kogi. Na yi shekara 31 ina koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare, na zana wannan abu a allo da alli ba adadi, yara suna kwafa suna haddacewa don jarrabawa. Ni da su duka ba wanda ya taɓa ganinsa. Sai a watan Satumba na 2024 Allah ya nufa na tsaya a kansa da ƙafata, kuma tun daga ranar nake ganin wajibi ne in faɗi abin da na gani da Hausa, yadda abokin nan nawa zai fahimta.

'Yata ta fari ce da maigidanta suka kai ni. Suna aiki a Ingila, kuma ta daɗe da sanin burina, don tun tana ƙarama take ganin taswirorin da na manne a bangon ɗakina. Ayislan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma bizar Shengen, wadda ƙasashen Turai da yawa suka yi tarayya a kanta, ake shiga da ita. Daga Landan awa uku ne a jirgi zuwa filin Keflavik. Muka ɗauki hayar mota, mu huɗu har da jikata 'yar shekara bakwai wadda nake kira amarya, muka kama hanyar da suke kira Lamba 1. Wannan hanya ta zagaye tsibirin kaf, tsawonta ya ɗan haura kilomita 1,300. Mu ba mu zagaye ba. Gefen kudu muka bi har garin Hofn, wajen kilomita 450 daga Reykjavik, babban birnin ƙasar, muka juyo, kwana shida ke nan.

Ƙasar ta fi Jihar Neja faɗi, murabba'in kilomita 103,000, amma mutanenta ba su kai 400,000 ba, wato wata ƙaramar hukuma guda ta cikin birnin Kano ta fi su yawa. Sai ka yi tafiyar rabin awa ba ka ga mutum a ƙafa ba, sai tumaki masu tulin gashi da ke tsallaka kwalta yadda suka ga dama. Hannun dama suke tuƙi kamar mu. Sun koma haka a 1968, mu a 1972. Fitilar mota a kunne take dare da rana, doka ce. Gudun kilomita 90 ne iyaka a kwalta, 80 a burji. Akwai gadoji masu ɗaukar mota ɗaya tak, wanda ya riga isa shi ke wucewa, ɗayan ya tsaya, kuma ban ji an danna wa kowa oda ba. Mai ba da hayar motar gargaɗi ɗaya ya nanata mana: in za ku buɗe ƙofa ku riƙe ta da hannu biyu, iska na fizge ƙofar mota a nan. Na ɗauka zuzutawa ce sai da na fito a wani gidan mai hulata ta yi sama, ba mu ƙara ganinta ba. Sanyin bai wuce digiri 6 zuwa 9 ba da rana, amma iskar ce ke shiga ƙashi. Hunturun Zariya yana busar da leɓe da fata. Wannan jiƙa ka yake yi sannan ya sare ka.

Farar ƙanƙara ta farko da muka hanga a hagunmu ita ce ta kan dutsen Eyjafjallajokull. Masu karatu za su tuna da shi ko ba su tuna sunan ba: shi ne dutsen da ya yi aman wuta a watan Afrilu na 2010, tokarsa ta hana jirage tashi a Turai kusan mako guda, aka soke tashi wajen 100,000, har matafiya daga Legas da Abuja suka maƙale. A ƙasar nan wuta a ƙarƙashin ƙanƙara take kwana. Ban gane nauyin wannan magana ba sai daga baya.

Wurin da na fara taka ƙanƙarar shi ne Solheimajokull, kimanin kilomita 160 daga babban birnin. Daga inda ake ajiye motoci sai an yi tafiyar kusan minti ashirin a ƙafa cikin kwari mai baƙar tsakuwa kafin a isa bakinta. 'Yar jagorarmu, wata matashiya 'yar yankin, ta ce da tana yarinya ba a yin wannan doguwar tafiya, ƙanƙarar ce ke tarar ka kusa da mota. A gabanta yanzu akwai tafki mai ruwan toka-toka, wanda shekaru ashirin da suka wuce babu shi. A kan hanyar ta nuna mana wani allo da 'yan makarantar wani gari da ke kusa, Hvolsvollur, suka kafa. Tun 2010 malaminsu ke kawo su kowace shekara, su auna tazarar da ke tsakanin allon da bakin ƙanƙarar, su rubuta. Lambobin suna nan jere da rubutun hannu, kowace shekara tazarar na ƙaruwa. Na daɗe tsaye a gaban allon nan, Malam Edita. A matsayina na malami, shi ya fi taɓa ni a duk tafiyar. Yaran nan ba daga littafi suka ji labari ba. Da hannunsu suka ja ma'auni, wanda ya auna bana ya tarar da abin da yayarsa ta rubuta bara.

Amarya ba ta kai shekarun hawa ba, ta tsaya da mahaifiyarta a bakin tafkin. Ni da surukina aka ɗaura mana wasu ƙarafa masu haƙora a ƙarƙashin takalmi, aka ba mu hular kwano da ɗan gatari mai dogon ƙota. Ana taka ƙafa ne a buɗe, a dira ta da ƙarfi don haƙoran su kama. Surukina yana bayana, ba abin da yake faɗi sai "Baba, a hankali, Baba a bi sawunta." Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙarar ba fara ba ce. Baƙa ce rabi da rabi, duk toka ta yi mata zane kamar jikin zabo. Tokar duwatsun da suka yi aman wuta ce, mafi yawa ta Katla, wanda ke kwance a ƙarƙashin babbar ƙanƙarar Myrdalsjokull, inda wannan reshe ya gangaro. Babban amansa na ƙarshe a 1918 ne. Tokar ta binne cikin ƙanƙara a can sama, ta yi ta gangarowa a hankali, sai yanzu take fitowa a ƙasa bayan shekaru ɗari da 'yan kai.

To nan ne inda nake so a tsaya a fahimta. Dusar ƙanƙara tana zuba a kan tsauni da sanyi. In wurin na da sanyin da ba za ta narke duka ba da bazararsu, sai ta kwana, ta baɗi ta zubo a kanta, ta shekara mai zuwa ta ƙara dannewa. Nauyi ya matse ta, iskar da ke tsakanin ƙwayoyinta ta fice, sai ta zama ƙanƙara mai tauri kamar dutse. In kaurinta ya kai mita arba'in ko hamsin, nauyin kanta ya fi ƙarfinta, sai ta fara tafiya. Kamar ka zuba kunu mai kauri a kan tire ka ɗan karkata shi: ba zai zube ba, ba kuma zai tsaya ba. Haka take gangarowa cikin kwari, wani wuri 'yan santimita a rana, wani wuri mita guda ko fiye, tana niƙa duwatsun da ke ƙarƙashinta su zama gari, tana ture manya gefe. Inda ta hau kan tudu ko ta sha kwana sai samanta ya tsage. Na leƙa ɗaya daga cikin tsagogin nan, jagorar na riƙe da ni. Cikinsa shuɗi ne, irin shuɗin da ban taɓa gani a marina ba, domin ƙanƙarar da ta matsu sosai tana shanye jan haske ta bar shuɗi ya fito. Can ƙasa ana jin ruwa yana gudu, ba a ganinsa. Na tuna ayar nan ta Suratun Namli da ke cewa za ka ga duwatsu ka zaci a tsaye suke alhali tafiya suke irin ta girgije. Na san malaman tafsiri da yawa a kan ranar ƙiyama suka fassara ta, ba kuma fassara nake yi ba. Ita ce dai ta faɗo mini a rai, na yi tasbihi.

Saboda wannan tafiyar ne nake ganin sunan da ya dace da abin a Hausa shi ne kogin ƙanƙara. Yana da mafari a sama, yana da rassa, yana da baki a ƙasa, yana kuma ɗauke da yashi da duwatsu kamar kowane kogi. In aka ce ya "ja da baya", ba komawa sama yake yi ba. Gaba yake ta yi, sai dai abin da ke narkewa a bakinsa ya fi abin da ke isowa daga sama. Manomi zai gane wannan nan take. Rumbu ne: da kaka a zuba, cikin shekara a ɗiba. In ɗiba ta fi zubi shekara da shekaru, ba sai an gaya maka makomar rumbun ba.

Mun kwana a Vik, ɗan gari a bakin teku ƙarƙashin inuwar Katla. Mai masaukinmu ya nuna mana cocin da ke kan tudu ya ce in dutsen ya motsa, can kowa ya san zai gudu, domin wuta in ta tashi a ƙarƙashin ƙanƙara ruwa ne ke fara isowa. Suna yin atisayen gudun. Abinci kuwa kifi da burodi na riƙe, da wani kindirmonsu mai kauri da suke kira sikir, sai dabino da gyaɗar da na taho da su. Kashegari muka ratsa wani fili na daskararren aman dutse wanda gansakuka ta lulluɓe kamar bargo. Ya fito ne daga aman dutsen Laki na 1783, wanda hayaƙinsa ya kashe dabbobi, yunwa ta biyo baya ta ci kusan mutum ɗaya cikin biyar na ƙasar. Doka ta hana a sauka daga hanya da mota a irin wuraren nan, don sawun taya a kan gansakukar yana shekaru da dama bai warke ba.

Daga nan sai Skeidararsandur. Fili ne na baƙin yashi, shimfiɗe kamar faifai, kusan murabba'in kilomita 1,000, ba bishiya ba gida. A hagu Vatnajokull ne ya cika sararin sama. Shi ne uban rumbun ƙanƙarar ƙasar: faɗinsa wajen murabba'in kilomita 7,700, ya ninka Jihar Legas biyu har da ɗoriya, kaurinsa a wani wuri ya doshi mita 950. Ƙolin ƙasar, Hvannadalshnukur, yana gefensa na kudu, mita 2,110, bai ma kai Chappal Waddi na Taraba tsawo ba, amma kusancinsa da ƙuryar arewacin duniya ya sa ƙanƙara ba ta barinsa. Kogunan da ke fitowa daga ƙarƙashin wannan rumbu su suka hana a haɗe hanyar Lamba 1 sai a 1974, da aka gama gada mai tsawon mita 880 a kan kogin Skeidara. Kafin nan mutumin Hofn in zai je Reykjavik da mota sai ya zagaya ta arewa.

A bakin hanya akwai wasu manyan ƙarafan gada guda biyu a murɗe kamar an matse tsumma. An bar su ne don tuni. A ƙarshen Satumba na 1996 wuta ta tashi a ƙarƙashin Vatnajokull, ta narkar da ƙanƙara, ruwan ya taru a wani tafki da ke ɓoye ƙarƙashinta mai suna Grimsvotn. Sati biyar yana taruwa. Ranar 5 ga Nuwamba ya ɓalle. A ƙololuwarsa ruwan da ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya ya haura kubik mita 45,000, wato na 'yan sa'o'i ya fi kogin Kwango. Ya taho da curin ƙanƙara masu girman gidaje, ya share gada guda ɗungurungum, ya karya wata. Ba wanda ya mutu. Masana sun yi ta auna tashin tafkin kullum, sun san ruwan na tafe, an rufe hanyar kafin ya iso.

Ranar da muka tsaya a gaban ƙarafan nan 10 ga Satumba ce. Muna tsaye wayar 'yata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa: madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare. Muna da 'yan uwa a can. Ta kira ba ta samu ba, ta zauna a cikin mota tana kuka, amarya na tambayarta me ya faru. Sai da yamma muka ji muryarsu, sun tsira da kayan jikinsu. Ba na cewa ƙanƙarar Ayislan ce ta kai ruwa Borno, ba kuma ina ɗora wa kowa laifi a wannan takarda ba. Abin da na sani shi ne na kwana a daren nan ina juya abu ɗaya a raina: ambaliyar da ta fi kogin Kwango ta wuce ba ta ci rai ko ɗaya ba, saboda akwai masu aunawa, akwai kuma masu jin maganar masu aunawa.

Wani abin kuma game da doguwar gadar nan ta 1974: yanzu ba a bin ta. Kogin ƙanƙarar da ke ba Skeidara ruwa ya janye har ruwan ya sauya hanya a 2009, ya koma wani kogi na yamma. A 2017 aka buɗe 'yar gajerar gada a gefenta. Tsohuwar tana nan tsaye a kan busasshen yashi. Duk wanda ya san garuruwan da a da suke bakin Tafkin Chadi, yau kuma sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga ruwa, zai gane abin da na ji.

Mun leƙa gandun Skaftafell da kogin ƙanƙarar Svinafellsjokull a gurguje saboda ruwan sama, muka wuce.

Jokulsarlon shi ne wurin da hotonsa ya fi yawo a duniya, kimanin kilomita 380 daga Reykjavik, kuma hoto bai yi masa ƙarya ba. Tafki ne a bakin kogin ƙanƙarar Breidamerkurjokull, cike da curi-curin ƙanƙara da suka ɓalle suna yawo a hankali, wasu fari fat, wasu shuɗi, wasu da zanen toka. Abin da ke sama da ruwa ɗan kaɗan ne, mafi yawan jikinsu na ƙasa, shi ya sa in ƙasan ya narke sai curin ya kife gaba ɗaya. Mun ga guda ya kife, da ƙara kamar faɗuwar katanga da damina, igiyar ruwa ta taho har bakin gaɓa. In ka yi shiru ka sunkuya za ka ji ruwan na ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa. Iska ce da ta maƙale cikin ƙanƙarar tun ɗaruruwan shekaru take fita. Akwai wata dabbar teku mai mulmulallen kai da gashin baki irin na kyanwa, wadda ake kira sil, tana leƙowa tana nutsewa. Amarya ta ƙirga guda biyar. Daga tafkin wani gajeren kogi ya bi ƙarƙashin gada ya shiga teku, yana fitar da curin, igiyar teku kuma ta dawo da gutsattsarinsu kan baƙin yashi suna ƙyalli. Amarya ta ɗauko guda kamar girman kwakwa ta ce, "Kaka, mu tafi da shi gida." Na ce mata ba zai kai mota ba. Ta riƙe shi har safar hannunta ta jiƙe.

A nan muka yi sallar azahar da la'asar a haɗe, ƙasaru, da ruwan ɗumin fulas muka yi alwala, muka fuskanci kudu maso gabas, mu da muka saba da gabas. Da na sallame na zauna ina kallon tafkin, sai kyansa ya fara yi mini nauyi. Kafin shekarun 1930 babu tafki a wurin nan ko kaɗan. Ƙanƙarar ce ta kai kusan bakin teku. Da ta janye ta bar ramin da ta haƙa, ruwa ya cika shi, yau shi ne tafki mafi zurfi a ƙasar, ya wuce mita 240. In teku ya cika, ruwan gishiri yana shigowa ta gajeren kogin nan ya ƙara cin bakin ƙanƙarar. Duk abin da masu yawon buɗe ido ke ɗauka a waya, narkewa ce suke ɗauka.

Makonni biyu kafin zuwanmu, a watan Agusta, wani kogon ƙanƙara ya rufta a kan masu yawo a wannan kogin ƙanƙarar, wani Ba'amurke ya rasu. Ina faɗin wannan ne saboda yaranmu da ke karatu da aiki a Turai, waɗanda na ga sun fara zuwa can hutu. Kada wanda ya hau ƙanƙara ba jagora. Kada a taka curin da ke kan ruwa don ɗaukar hoto. A baƙin yashin Reynisfjara kusa da Vik kada a juya wa teku baya, igiyarsa ta sha janye mutane. A duba hasashen iska da halin hanya kowace safiya, lambar agajinsu kuma 112 ce.

A Hofn, garin masunta, na ji abin da ban taɓa koyarwa da yaƙini ba sai yanzu. Ƙasar garin tashi take yi, wajen santimita guda a shekara, domin nauyin ƙanƙarar da ke danne yankin yana raguwa, kamar katifa in mai nauyi ya tashi. Mashigar jiragen ruwansu na ƙara zama tudu. Su ma da suke da arziki abin ya dame su, balle kuma kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinsu daga ruwa yake, kuma manyan kogunan da ke juya injinan daga ƙanƙarar nan suke fitowa.

Akwai wanda ban je ba amma labarinsa ya shafi maganar suna. Wani ƙaramin kogin ƙanƙara ne a yammacin ƙasar da ake kira Okjokull. A 1890 faɗinsa wajen murabba'in kilomita 16 ne. Zuwa 2012 bai kai guda ba. A 2014 masanin ƙanƙara Oddur Sigurdsson ya bayyana cewa ya mutu. Ba wai babu sauran ƙanƙara a wurin ba ne, akwai. Ta yi sirantar da ba ta iya tafiya ne. Aka cire masa "yokul" daga sunansa, ya koma Ok kawai. A watan Agusta na 2019 mutane suka hau dutsen, har da firaministar lokacin Katrin Jakobsdottir, suka kafa allon tagulla na tunawa. Ka ga ke nan su kansu masu abin da tafiya suke gane ransa. Gaba ɗaya, daga 1890 zuwa yau ƙanƙarar Ayislan ta rasa fili fiye da murabba'in kilomita 2,000, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na wannan asara bayan shekarar 2000 ta faru.

Sai amsar abokina, ina ruwanmu. Kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗin duniya, wato wanda ba na gishiri ba, a daskare yake cikin irin waɗannan rumbuna. Duk wanda ya narke teku yake tafiya, teku kuwa ɗaya ne. Na Ayislan kaɗai in ya narke duka bai fi ya ɗaga teku da santimita guda ba, amma na maƙwabciyarta Girinlan zai ɗaga shi da mita bakwai. Tun daga 1900 teku ya riga ya tashi da wajen santimita 20, kuma Legas, inda dubban 'yan uwanmu ke neman abinci, a bakin ruwa take zaune. Zafin da ke cin ƙanƙararsu shi ne wanda ke rikita mana damina. Mu ma a Afirka muna da namu kogunan ƙanƙara, a kan Kilimanjaro da Dutsen Kenya da tsaunukan Ruwenzori. Na Kilimanjaro ya rasa fiye da kashi 80 cikin 100 tun 1912, kuma hukumar UNESCO ta ce zuwa 2050 da wuya a sami saura a nahiyar. Alhali hayaƙin da Afirka duka ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Wannan magana ce da ya kamata talakanmu ya san ta, ya kuma iya faɗinta da harshensa in ana rabon alhaki.

Roƙona biyu ne, Malam Edita. Na farko, in za ku sake kawo labarin nan, ku bambanta mana abubuwa ukun: ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan sama ta ɓata dawa, dusar ƙanƙara mai zuba kamar auduga, da kuma kogin ƙanƙara. Babba irin Vatnajokull, mai rassa ta kowace fuska, a ce masa rumbun ƙanƙara. In wani malamin Hausa yana da kalmar da ta fi tawa, ya rubuto, zan karɓa hannu biyu. Na biyu ga 'yan uwana malaman labarin ƙasa da ke bakin aiki ne. Ba mu da ƙanƙarar aunawa, amma muna da rijiyar makaranta, da kududdufin bayan gari, da zaizayar da ke cin gona, da tudun yashin da ke matsowa. Turke guda, igiyar awo, da littafi mai bango mai ƙarfi sun isa. Na yi magana da shugaban makarantar da na yi ritaya a cikinta, ya amince, kuma ranar Asabar ta farkon watan Afrilu za mu fara da rijiyar da ke bayan ajin 'yan aji uku, kafin ruwan farko ya sauka.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Tudun Wada, Zariya.